Fayil ɗin da ya ƙi goguwa: Abin da ya haɗa Windows da sunayen CON, NUL da AUX, da yadda ake cire su ba tare da fomatin ba

Filashin ɗalibi ya fi mai shi yawo. Da safe yana maƙale a jikin waya, da rana yana cikin kwamfutar wani shagon buga takardu da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da yamma kuma ya koma laftof ɗin aboki. Haka abin yake a Argungu, wajen ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da masu ɗaukar hoton biki da suna.

A irin wannan yawo ne wani lokaci akan wayi gari da baƙo a cikin filashin: fayil ko folda mai ɗan gajeren suna, nul ko con ko aux. A danna a goge shi, ya ƙi. A gwada sauya masa suna, ya ƙi. A ja shi zuwa wata folda, nan ma ya ƙi. Saƙon da Windows ke fitarwa kuwa sai ya ƙara dagula lissafi. Ko dai ta ce ba ta ga abin ba, alhali ga shi ɓaro-ɓaro a kan allo, ko kuma ta ambaci MS-DOS, manhajar da ta yi tashe tun ba a haifi akasarin ɗaliban yau ba.

Hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne bairos ya shiga, sai an yi fomatin. A nan asarar take. Filashin da ke ɗauke da kundin binciken kammala karatu, ko katin memorin mai hoton da ya yini a bakin kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi, ba abin da za a share ba ne saboda fayil ɗaya da sau da yawa babu komai a cikinsa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Matsalar ba ta kullum ba ce, amma tana da sanannen dalili, kuma maganinta layi ɗaya ne na rubutu.

Waɗanne sunaye ne aka keɓe?

Akwai sunaye 22 da aka fi sani waɗanda Windows ba ta yarda a raɗa wa fayil ko folda: CON, PRN, AUX, NUL, sai COM1 zuwa COM9, da LPT1 zuwa LPT9. Ko da manyan haruffa aka rubuta ko da ƙanana, duk ɗaya ne a wajenta.

Kowane ɗaya daga cikinsu sunan wata na'ura ce ko wata kafa a jikin kwamfuta. CON na nufin allo da kibod, wato inda mutum ke rubutu da inda yake gani. PRN firinta ce. LPT su ne tsofaffin kafofi masu faɗi da ake jona firinta a bayan kwamfuta. COM kafofi ne na na'urori irin su modem, AUX kuma yawanci wani suna ne na kafar COM ta farko. Shi kuwa NUL rami ne marar ƙasa: duk abin da aka tura masa ya ɓace, duk wanda ya nemi karanta shi ba zai samu komai ba.

Mai son gani da idonsa zai iya ƙirƙirar sabuwar folda a kwamfutarsa ya gwada sa mata suna con. Windows za ta ƙi, ta ce sunan na'urar da aka bayar ba daidai ba ne.

Abin lura shi ne yadda waɗannan haruffa suka yi karo da kalmomin yau da kullum a Najeriya. CON ita ce taƙaitacciyar lambar girmamawa ta ƙasa da ake bai wa manyan mutane, don haka sakataren da ke tara sunayen waɗanda aka karrama zai iya son buɗe folda da wannan suna. Haka ɗaliban kwalejin koyon aikin jinya kan taƙaita sunan makarantarsu. PRN kuwa ma'aikatan asibiti sun san ta a takardar magani, tana nufin a sha idan buƙata ta taso. Direbobi sun san AUX a jikin rediyon mota. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a kwalejin fasaha, wanda lambobin kwasa-kwasansa ke farawa da COM, zai iya buɗe folda mai suna COM111 lafiya lau, amma da zarar ya taƙaita ta zuwa COM1 sai ƙofa ta rufe.

Gadon da ya haura shekara 40

Akwai labarin da ya daɗe yana zagaye a intanet cewa wai Bill Gates ne ya haramta sunan con saboda da shi ake tsokanarsa a makaranta. Labarin ƙanzon kurege ne. Asalin abin ya girmi Windows nesa ba kusa ba.

A 1974 Gary Kildall ya rubuta manhajar CP/M ta sarrafa ƙananan kwamfutoci, wadda ke kiran na'urorin da aka jona da gajerun sunaye irin su CON. A 1980 Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya rubuta 86-DOS bisa tsari mai kama da na CP/M. Microsoft ta saye ta a 1981, kuma ita ce ta zama manhajar kwamfutar IBM PC da ta fito a watan Agustan shekarar.

Dabarar tana da amfani a lokacinta. Maimakon kowace manhaja ta koyi yadda ake magana da firinta, sai kawai a kwafi takarda zuwa "fayil" mai suna PRN, ita kuma DOS ta miƙa wa firinta. Mai son manhaja ta yi aiki shiru ba tare da ta cika allo da rubutu ba, sai ya tura sakamakon zuwa NUL.

DOS ta farko ba ta da folda ko ɗaya, duk fayiloli a wuri guda suke zube. Sai a 1983, da fitowar DOS 2.0, aka samu foldodi. Raymond Chen, injiniyan Microsoft da ya yi suna wajen bayyana tarihin Windows, ya yi bayani a 2003 cewa a nan ne aka yanke shawarar barin waɗannan sunaye su yi aiki a cikin kowace folda, domin tsofaffin manhajojin da ba su san da zaman folda ba su ci gaba da samun firintarsu duk inda suke.

Ya kuma bayyana dalilin da ya sa ƙarin haruffan da ke bayan ɗigo ba ya ceton sunan. Manhajojin wancan zamani kan liƙa wa sunan fayil nasu ƙarin da kansu. Idan mutum ya rubuta PRN, manhajar ta mayar da shi PRN.LST, dole DOS ta gane cewa har yanzu firinta ake nufi. Shi ya sa con.txt da aux.jpg da nul.pdf duk suka shiga cikin haramcin. A Windows 11 an ɗan sassauta wa sunaye masu irin wannan ƙari, amma har yanzu shawarar Microsoft ita ce a guje musu, musamman da yake kwamfutoci na hannu da yawa a shaguna da ofisoshi suna kan Windows 10 ko ma Windows 7.

Gadon ya taɓa zama abin tsoro. A Windows 95 da 98, neman buɗe adireshin C:\con\con kaɗai ya isa ya sa kwamfuta ta sandare, allo ya koma shuɗi. Sai a watan Maris na 2000 Microsoft ta fitar da gyaran wannan ɓaraka.

To ta ina fayil ɗin ya shigo?

Tambayar da ke ɗaure wa mutane kai ke nan: idan Windows ba ta yarda a ƙirƙiri irin wannan fayil, yaya aka yi ya samu wurin zama?

Amsar ita ce haramcin ba a jikin filashin yake ba. Tsarin da ke adana fayiloli a kan faifai, ko NTFS ne ko FAT32 ko exFAT, bai damu da sunan con ba. Mai hana ruwa gudu shi ne wani sashe na Windows da ke tsaye tsakanin manhajoji da faifan, wanda aikinsa fassara adireshin fayil. Da zarar ya ga ɗaya daga cikin sunayen nan a ƙarshen adireshi, sai ya karkata saƙon zuwa na'ura.

Abin ya yi kama da sarauta. A Argungu, idan aka bai wa ɗan aike saƙo aka ce ya kai wa Sarkin Ruwa, ba zai tsaya tambayar wace unguwa ba, wajen mai riƙe da sarautar zai nufa, ko da kuwa akwai wani yaro a maƙwabta da ake yi wa laƙabi da hakan. Haka umarnin gogewa ke yi: an aike shi wajen fayil mai suna nul, shi kuma ya tafi wajen na'urar NUL, wadda ba ta goguwa. Fayil ɗin na nan zaune, saƙon bai taɓa isa gare shi ba.

Duk na'urar da ba ta bi ta hannun wannan ɗan aike ba za ta iya ƙirƙirar sunan cikin sauƙi. Wayoyin Android a kan Linux aka gina su, kuma Linux ba ta san da wannan doka ba. Haka kwamfutocin Apple. Mutum zai iya buɗe folda mai suna aux a katin memorin wayarsa ya zuba waƙoƙin da yake saurare a mota, ba zai ga matsala ba sai ranar da ya sa katin a kwamfuta mai Windows.

Hanya ta biyu ta fi shafar masu koyon rubuta manhaja. A Windows ana rubuta >nul a ƙarshen umarni domin a zubar da sakamakonsa. A Linux kuwa sunan ramin /dev/null ne. Idan aka rubuta salon Windows a cikin manhaja mai bin tsarin Linux, kamar Git Bash, sai ta ɗauka sabon fayil ake so, ta ƙirƙiri nul na gaske a cikin foldar aiki. A 'yan shekarun nan abin ya ƙaru saboda manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke taya mutane rubuta manhaja kan yi wannan kuskure da kansu. Manya ma ba su tsira ba: tushen manhajar Linux ya taɓa shafe shekaru yana ɗauke da fayil mai suna aux.c, wanda ya sha hana masu Windows sauke aikin cikakke.

Mai gadi ne ko ɓarawo?

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi dacewa a tsaya a kanta kafin a goge komai, domin wani lokaci da gangan aka ajiye fayil ɗin.

A ƙarshen shekarun 2000, ƙwayoyin cutar kwamfuta irin su Conficker na 2008 sun yaɗu ta filashi ta hanyar ajiye wani ɗan fayil mai suna autorun.inf, wanda ke sa Windows ta kunna cutar da zarar an jona filashin. Masu haɗa manhajojin kariya sai suka juya dokar DOS ta zama garkuwa. Sukan riga cutar ƙirƙirar folda mai suna autorun.inf, su sa wani abu mai haramtaccen suna a cikinta. Tunda ba a iya goge abin da ke ciki, foldar ma ba ta goguwa, cutar kuma ta rasa inda za ta ajiye nata fayil ɗin.

Manhajar Flash Disinfector takan ajiye fayil da sunansa ya fara da lpt3. Tsofaffin nau'o'in Smadav, manhajar kariya ta ƙasar Indonesiya da ta karɓu sosai a shagunan kwamfuta a Najeriya, sun yi amfani da foldodi masu suna con da aux da nul. Wanda ya ga irin wannan a tsohon filashinsa, mai gadi ya gani. Amfaninsa ya ragu tun da Microsoft ta hana filashi kunna kansa a Windows 7 a 2009, sannan ta kai gyaran ga Windows XP da Vista a 2011, amma zamansa ba ya cutar da komai.

Sai dai ɓarayi ma sun san dabarar. A farkon shekarun 2000 masu kutse kan shiga manyan kwamfutocin ajiya na kamfanoni, su buɗe foldodi masu suna irin su com1, su cika su da finafinai da manhajojin sata, su bar masu wurin da abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wasu ƙwayoyin cutar ma sun ɓuya a bayan irin waɗannan sunaye.

Alamomin bambancewa ba su da wuya. Fayil mai suna nul wanda girmansa sifili ne ko ɗan kaɗan, a cikin foldar aiki, kusan kullum kuskuren umarni ne. Wanda ke cikin autorun.inf a filashi galibi na kariya ne. Amma folda mai haramtaccen suna da ta cinye wuri mai yawa, ko wadda ke dawowa bayan an goge ta, tana buƙatar a binciki kwamfutar da manhajar kariya da aka sabunta.

Yadda ake cire shi

Microsoft da kanta ta tanadi hanyar zagaye ɗan aiken. Idan aka fara adireshin fayil da alamomin \\?\ to an gaya wa Windows ke nan kada ta fassara komai, ta miƙa adireshin ga faifai yadda aka rubuta shi. Alamomin \\.\ su ma suna yin aikin a wannan matsala. Sharaɗi ɗaya ne: sai an rubuta cikakken adireshi tun daga harafin faifan.

Mataki na farko shi ne a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. Sannan a tabbatar da harafin da kwamfutar ta bai wa filashin, domin wanda yake E a wannan kwamfuta zai iya zama F a wata. Daga nan a buɗe Command Prompt ta hanyar rubuta cmd a wurin bincike. Idan fayil ɗin yana cikin foldodin da Windows ke karewa, sai a buɗe shi da ikon mai kula da kwamfuta.

A ce filashin E ne, kuma baƙon yana cikin folda mai suna Hotuna. Hanya mafi aminci ita ce a fara sauya masa suna:

ren "\\?\E:\Hotuna\con" tsoho

Da zarar sunan ya koma tsoho, ya zama kamar kowane fayil ko folda. Za a iya buɗe shi a ga abin da ke ciki, a kwashe mai amfani, a goge sauran kamar yadda aka saba. Ga wanda ya zuba hotuna ko waƙoƙi a foldar da ya ƙirƙira a waya, wannan ce hanyar da za ta dawo masa da kayansa.

Idan an tabbatar fayil ne marar amfani, ana goge shi kai tsaye:

del "\\?\E:\Hotuna\nul"

Idan ya ƙi saboda an ɓoye shi ko an kulle shi, sai a ƙara /f /a bayan kalmar del. Idan kuwa folda ce da ake son kawar da ita da duk abin da ke cikinta:

rd /s /q "\\?\E:\Hotuna\con"

Wanda ba ya son rubuta umarni yana da zaɓi. Manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, tana da nata wurin duba fayiloli da ke iya sauya irin waɗannan sunaye. Mafi sauƙi kuma, idan a filashi ko katin memori abin yake, a mayar da shi jikin wayar Android a sauya sunan a can. Ƙofar da baƙo ya shigo ta nan zai fita.

Inda ake yin ɓarna

Umarnin del da rd ba sa tura abu kwandon shara na Windows, inda ake iya dawo da shi. Abin da suka goge ya tafi. Haruffan /s na nufin a haɗa da duk abin da ke ciki, /q kuma na nufin kada a tambayi mai kwamfuta ko ya tabbata.

Saboda haka alamomin zance biyu da ke kewaye da adireshin ba ado ba ne. Idan aka bar su, sannan hannu ya kuskure ya sa tazara bayan E:\, kwamfutar za ta ɗauka wurare biyu aka ba ta, na farkon kuma shi ne filashin baki ɗaya. Wanda ya gudu daga fomatin sai ya yi wa kansa abin da ya yi daidai da shi. Karanta layin sau biyu kafin a danna Enter ba ɓata lokaci ba ne.

Haka kuma ba kowane fayil mai taurin kai ne ke da wannan matsala ba. Wani yana buɗe ne a cikin wata manhaja, wani kuma mai kwamfutar ba shi da izinin taɓa shi. Akwai wanda adireshinsa ya haura haruffa 260, iyakar da tsofaffin sassan Windows ke iya ɗauka, da wanda sunansa ya ƙare da ɗigo ko tazara. Waɗannan biyun na ƙarshe alamomin \\?\ na taimakawa a kansu. Idan kuwa sunayen fayiloli sun koma wasu baƙin alamomi marasa ma'ana, to filashin ne ya fara lalacewa, kuma abin yi shi ne a kwashe abin da ya rage cikin gaggawa. Katin memori babba ma yana da ɗan makulli a gefensa, wanda idan ya zame ƙasa babu abin da zai gogu.

Me ya sa ba a soke dokar ba?

Tallafin Windows 7 ya ƙare a watan Janairun 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, amma sunayen da aka gada daga 1981 suna nan daram. Hatta OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ba ta karɓar fayil mai irin wannan suna.

Dalili shi ne har yau ana amfani da su. Mai gyaran waya a kasuwar Birnin Kebbi da ke sake ɗora manhaja a kan waya mai injin MediaTek yakan ga kwamfutarsa ta nuna wayar a matsayin kafar COM mai lamba. Haka ɗalibin injiniya da ya jona allon Arduino, da wasu firintocin rasit da na'urorin awo. Dubban ƙananan umarnai da ofisoshi da kamfanoni suka rubuta shekaru da dama da suka wuce suna ɗauke da >nul a cikinsu. Ranar da aka soke dokar, waɗannan za su fara cika faifai da fayiloli masu suna nul, ko su daina aiki.

Microsoft ta zaɓi ta ci gaba da cika wa tsofaffin manhajoji alƙawari, ta bar sauran jama'a da ɗan tuntuɓen da ake yi jefi-jefi. Ga mai shagon buga takardu ko mai hoto, rigakafin ba ya cin ko sisi: a ƙara wa sunan harafi ko kalma. CON2024 ko aux-mota ko COM-ND1 duk Windows na karɓarsu hannu bibbiyu. Idan kuma baƙon ya riga ya shigo, a fara duba sunansa a cikin jerin nan na 22 kafin a bari wani ya kai hannu ga fomatin.